Harafin da Ya Ƙi Bakin Haladu

Sunan da aka raɗa masa ranar suna Haladu ne, amma a tashar Wudil in ka ce Haladu sai an tambaye ka wanne. In ka ce Samiya kuwa, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka inda a-kori-kurarsa take. Sai dai a wancan zamanin ba a faɗin sunan a gabansa. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, kuma tasha ba ta manta da abin da ya taɓa yi wa wani kwandasta a kan haka ba.

A Lajawa aka haife shi, ɗan manomi, ya taso da tsamin baki. Haruffa biyu ne suka ƙi bakinsa ƙememe: ba ya iya cewa "tsa", ba ya iya cewa "sha", duk sai su fito masa "sa". Shinkafa a bakinsa sinkafa ce, shayi sayi, tsoro kuwa soro. Mahaifiyarsa ta ce zai bari in ya yi haƙoran girma. Haƙora suka fito, bai bari ba. An ba shi rubutu ya sha, wanzami ya ɗaga harshen ya duba ya ce babu linzami, halitta ce kawai.

A makarantar allo ya gamu da Labaran, yaro mai bakin tsiya wanda ba ya ganin rauni ya wuce. Wata rana Labaran ya nuna bishiyar da suke karatu a gindinta, ya yi fuskar salihai, ya ce, "Haladu, don Allah wace bishiya ce wannan?"

"Samiya," in ji Haladu da zuciya ɗaya.

Yara suka kwashe da dariya har malam ya ɗaga dorina. Sunan ya zauna daga ranar, ya bi shi gona, ya bi shi dandali, ya riga shi isa Wudil.

Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma ya koya masa wata sana'a da ba wanda ya san yana yi, wato kewaye kalmomi. Ba ya cewa tsaya, sai dakata. Ba ya cewa tsoro, sai fargaba. A teburin mai shayi ruwan zafi yake nema. Kunun tsamiya kuwa kunun azumi yake kiransa, ko da a tsakiyar bazara ne. Kafin ya buɗe baki sai ya leƙa maganar daga farko zuwa ƙarshe ya ga ko akwai rami a cikinta, shi ya sa mutane suka ɗauka miskili ne. Da ya fara karen mota ya sha wuya, don in ya buga jikin mota ya ce "saya", fasinja sai su tambaye shi me za a saya. Ya daure har ya zama direba, inda birki ke yi masa maganar. Ya auri Rabi, 'yar Utai, mace mai magana kamar rediyo, suka raba aiki: ita ta yi maganar mutum biyu, shi ya gyaɗa kai. Suka haifi Khairiyya. Ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana dakon tukwane da buhunan hatsi tsakanin kasuwa da ƙauyuka.

Motar ce ta haɗa shi da Baba Ajani. Wata safiya ta ƙi tashi, aka ce ya kai ta wurin Bayaraben nan mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Aka turo ta. Wani dattijo siriri mai tabarau ya fito daga rumfa yana goge hannu, ya dubi rana, ya dubi Haladu, ya ce, "Direba, tura ta karkashin samiya."

Haladu bai san lokacin da ya cakumi wuyan rigarsa ba. Har baƙo ma an koya masa? Dattijon ya zaro ido yana ta maimaitawa, yana nuna bishiyar da ke gefen rumfar: "Samiya, samiya, inuwa!" Sai a nan Haladu ya gane ba tsokana ba ce, iyakar abin da bakin mutumin ke iyawa ke nan. Ya sake shi, ya gyara masa wuyan rigar, kunya ta rufe shi. Tun da aka haife shi bai taɓa jin babban mutum ya faɗi kalmar yadda yake faɗinta ba.

Ajani mutumin Ogbomosho ne. Ya zo Wudil tun yana matashi ya gaji rumfar mahaifinsa, Hausa ta zauna a bakinsa raɗau, sai dai "tsa" da "ƙa" da "ɗa" sun ƙi shi har tsufa. Kirista ne. Kafin mahaifin ya rasu, Ajani ya yi 'yan shekaru a makarantar koyon limancin coci, inda aka koya masa Ibrananci, harshen da aka fara rubuta tsofaffin littattafansu da shi. Karatun bai ƙarasa ba, amma bai bar shi ba, don ko batir yake ɗura wa ruwa za ka ji yana ƙunƙunin wasu kalmomi. Haladu ya mai da rumfar wurin zamansa. A nan ne kaɗai ba ya leƙa magana kafin ya faɗe ta.

Wata kaka, sojoji na kan mulki a lokacin, Haladu ya kawo masa damin gero daga gonar gidansu. Ajani ya zare kai ɗaya ya juya shi a hannu.

"Me kuke ce wa wannan?"

"Zangarniya."

"A Ibrananci shibbolet ne sunanta." Ya fitar da "shi" ɗin da ƙyar, yana tura leɓe gaba. "Fada mu ji."

"Sibbolet," in ji Haladu.

Ajani ya yi dariya har ya cire tabarau. Can sai dariyar ta ɗauke, ya dubi Haladu wani iri, ya ce, "Direba, da a can aka haife ka, da an yanka ka."

Ya zauna a kan tsohon batir ya ba shi labarin kalmar. Ya ce ba kalma ce mai yawa ba, a duk faɗin littafinsu mai tsarki ba ta kai sau ashirin ba. Galibi zangarniya take nufi. Ita ce a mafarkin sarkin Masar, bakwai ƙosassu bakwai busassu. Ita ce kuma abin da wata matalauciya mai takaba take kala a bayan masu girbi. Amma a wasu wuraren ma'anarta ruwa mai gudu, irin ambaliyar da ke cin mutum, har akwai addu'ar wani da ke kukan cewa ta sha kansa. Kalma ɗaya, abinci da halaka.

Sai wuri guda da aka yi amfani da ita ba don ma'anarta ba. Ƙabilu biyu ne suka yi yaƙi, mutanen Gileyad da mutanen Ifraimu, kakansu ɗaya, addininsu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Aka ci mutanen Ifraimu, suka watse suna neman komawa gida, kuma dole sai sun ƙetare Kogin Urdun. Mutanen Gileyad suka riga su tare mashigai. Duk wanda ya zo ƙetarewa sai a tambaye shi ko shi ɗan Ifraimu ne. In ya ce a'a, sai a ce to ya ce shibbolet. Su kuwa bakinsu bai iya "shi" ba, sai su ce sibbolet. Nan take a kama mutum a yanka a bakin ruwa. Littafin ya ce mutum dubu arba'in da biyu suka tafi a wannan rikici. Ajani ya ce ita sibbolet ɗin, da wancan harafin, sau ɗaya tak aka rubuta ta a littafin gaba ɗaya, kuskuren bakin mutanen da aka kashe ne aka ajiye a rubuce.

"Me ya sa ita suka zaɓa?" in ji Haladu.

Ajani ya ce malamai sun saɓa. Wasu na ganin ba wani dogon tunani aka yi ba, mai gadin mashigin ya nuna ruwan da ke gabansa ne kawai. Ya ƙara da cewa su ma mutanen garinsu "sa" suke cewa a wurin "sha", sai da malaminsa ya yi ta fama da shi kafin ya iya.

Haladu ya ɗauki geron yana murzawa. Can ya ce, "Mafarkin sarkin nan ai muna da si, a ƙissar Annabi Yusufu. Malam sumbula yake ce wa zangarniyar da Larabci."

Ajani ya tafa hannu ya ce ƙwarai, malaminsa ya taɓa gaya musu kalmomin biyu 'yan'uwa ne, tushensu ɗaya. Haladu ya koma gida da abu biyu a ransa. Ya ji daɗi, don ga kalma guda a duniya da Larabawa ma da "sa" suke fara ta. Ya kuma ji wani sanyi a jikinsa, don ya san a wane layi zai tsaya a bakin wancan kogin. Da ya ba Rabi labarin tana tankaɗe, sai ta ce, "Allah ya raba mu da irin wannan mashigi," ta ci gaba da aikinta.

Shekaru suka shuɗe. A alif ɗari tara da casa'in da tara soja suka miƙa mulki ga farar hula. Shingen da aka daɗe ana tare motoci a bakin gadar Wudil ya tashi, aka bar gangunan da katakon nan mai ƙusoshi a gefen titi suna tsatsa. Direbobi suka yi murna, aka lulluɓe bangon tasha da hotunan 'yan siyasa, kowa na cewa an shaƙi iska. Damina ba ta yi nisa ba labari ya zo cewa rigima ta tashi a wani gari na kudu, an kashe Hausawa. Aka kawo gawarwaki da waɗanda suka tsira Kano a manyan motoci, birni ya kama da wuta, aka shiga farautar Yarabawa. Cikin waɗanda ba su dawo da rai ba har da Ya'u, ƙanin Labaran, mai fataucin goro. Labaran a lokacin shi ne babban ɗan kamasho a tasha, kuma shi ya riƙe Ya'u tun rasuwar mahaifinsu.

Da hantsi Rabi ta fito zubar da ruwa ta tarar da Baba Ajani a zaure, ba takalmi, tabaransa ya fashe gefe ɗaya. An ɓalle rumfarsa. Iyalinsa sun tafi gida biki tun kafin abin ya faru, shi kaɗai ya rage. Ta shigar da shi, ta kira mijinta, kuma wannan karon ba ta ja magana ba.

"Baban Khairiyya, an ga shigowarsa. Kafin azahar unguwa ta sani. Ka kai shi gidan gonar Kawu Maikano a tsallake, can ba mai zuwa."

Hanyar ofishin 'yan sanda ta ratsa tsakiyar kasuwa ne, inda masu farautar suka taru. Kogi ya cika ya batse, masu kwalekwale sun ɗaure. Gada ce kaɗai. Haladu ya ba Ajani kaftaninsa na Juma'a da hula, ya cire masa tabarau ya sa a aljihu. Sa'ar da aka yi ba shi da tsage a fuska. Suka loda tukwane a baya don a ga kamar dako ne.

"Baba," in ji Haladu yana tayar da mota, "ko me aka ce maka, kada ka buɗe baki. Ka yi kamar ba ka da lafiya."

"Ai ba ni da ita," in ji Ajani.

Gari ya yi tsit, shaguna a rufe, akuyoyi ne kawai a titi. Sai da suka sha kwanar da ke fuskantar gada Haladu ya hango layin motoci, ya hango gangunan nan an dawo da su tsakiyar hanya, katakon ƙusoshi a shimfiɗe. Ba soja ko ɗaya. Samari ne da gorori da adduna, yawancinsu baƙin fuska waɗanda wata mota ta zubar daga birni, sai 'yan tasha kaɗan a cikinsu. Ya kai hannu zai sa giyar baya, wata tirela ta riga ta tokare shi.

Waɗanda suka ga farkon abin sun ce da karatun Fatiha aka fara gwada mutane. Sai samarin suka tarar Yarabawan da suke nema da yawa Musulmi ne, wasu sun fi su iya karatun nesa ba kusa ba. Mai hankali a nan zai ji kunya ya ajiye gora ya tafi gida. Su kuwa sai wani mai wayon banza a cikinsu ya ɗaga kai ya ga bishiyar da ke bakin gadar.

Haladu bai san da wannan ba. Shi dai ya sauke gilashi, ya ga wani saurayi mai jar riga yana bin motoci taga taga, yana nuna bishiyar da bakin adda. Daga motar gaba ya ji muryoyi suna amsawa ɗaya bayan ɗaya: tsamiya, tsamiya, tsamiya. Kowa na matse harafin da ƙarfi kamar ransa a kai yake, kuma a kai yake. Sai wata murya ta yi jinkiri. Aka buɗe ƙofa, aka jawo wani mutum mai jakar hannu, aka gangara da shi ƙasan gada. Haladu ya kafe idonsa a kan sitiyari. Ruwa na ta ruri a ƙasa, kuma ya gode wa Allah da ƙarar.

Ya saci kallon Ajani. Dattijon ya ji kalmar shi ma. Leɓensa na motsi, yana gwada harafin a ɓoye, yana tura harshe bayan haƙora, abin da ke fitowa dai iska ce. Ya juyo ya dubi Haladu. Duk su biyun sun san labarin, sun kuma san yadda ya ƙare.

Motar gaba ta wuce. Aka mai da katakon. Mai jar riga ya zagayo, kuma ta gefen fasinja ya nufa.

Haladu ya yi shekara arba'in yana kewaye wannan kalma. Ya san hanyar kauce wa kowace kalma a Hausa, ban da ita, don bishiyar ba ta da wani suna. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ga saurayin ya sunkuya a tagar Ajani ya ɗaga adda zai nuna. Sai ya buga ƙofarsa da tafin hannu.

"Kai, zo nan. Ni ne mai mota, ni za ka fara tambaya."

Saurayin ya ɗago, ya yi murmushin raini, ya zagayo. "To, mai mota. Wace bishiya ce waccan?"

Haladu ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Samiya."

Bai ga gorar ba. Ya dai ji bakinsa ya fashe, aka fizge ƙofa, aka jawo shi ƙasa. Suka yi masa caa, wani na cewa ga wani nan, wani na cewa ji shi da kaftani kamar na Allah. Ƙafa ta same shi a haƙarƙari. Ya ji ana jan sa a kan kwalta ta wajen gangaren, ya ga ruwan ta tsakanin ƙafafunsu, ja wur, yana gudu.

"Ku dakata."

Labaran ne. Ya ratso su, idanunsa jajur, ga alama bai runtsa ba tun da aka kawo labarin ƙaninsa. Ya tsaya a kan Haladu ya dube shi.

"Ku sake shi. Haladu ne, ɗan Lajawa. Allo ɗaya muka yi. Bakinsa ne haka tun yana yaro."

"Bai iya faɗa ba fa," in ji mai jar riga.

"Na ce bakinsa ne haka. Ubansa Bahaushe, kakansa Bahaushe. Ni zan gaya maka ko kai za ka gaya min?"

Suka sake shi ba da son ransu ba. Wani ɗan tasha ya ce gaskiya ne, Samiya ma ake ce masa. Samarin birni suka fara kallon juna, don abin da suke aunawa da shi ya ba su kunya a bainar jama'a. Haladu ya dafa taya ya miƙe, ya tofar da jini da haƙora. Mai jar riga, wanda bai so a tashi haka ba, ya nuna cikin motar da adda.

"To wancan tsohon fa?"

"Yayana ne," in ji Haladu. Maganar na fita da ƙyar. "Duk gidanmu haka muke. Gado ne."

Labaran ya sunkuya ya leƙa. Babu ɗan tashar da bai san Baba Ajani ba, balle Labaran, wanda ya yi shekaru yana tura masa motoci. Ya san gidan su Haladu kuma ɗaki ɗaki, ya san ba shi da wa. Ya daɗe yana kallon dattijon cikin kaftanin aro. 'Yan tashar da ke wurin suka sunkuyar da kai suna jiran abin da babbansu zai ce.

"Faɗi," in ji Labaran. "Wace bishiya ce?"

Ajani ya dubi bishiyar. Bai yi ƙoƙarin gyarawa ba.

"Samiya."

"Ka ji ko," in ji mai jar riga, ya kama marfin ƙofar.

Labaran bai motsa ba. Ya matso kusa da Haladu har numfashinsa na taɓa shi, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ya'u bai samu wanda zai yi masa ƙarya ba."

"Na sani," in ji Haladu. "Allah ya ji ƙansa." Ya goge baki da hannun riga. "Labaran, kai ka sa min sunan nan. Ka san bakin da ke faɗin haka ba laifi ya yi ba. Ka faɗa musu."

Marfin ƙofar ya riga ya buɗe. Mai jar riga ya kama hannun kaftanin yana ja, ƙafar Ajani ɗaya ta sauko, ba takalmi. Labaran ya dubi ƙafar, ya dubi ruwan. Haladu ya tabbata a ransa cewa an gama.

"Cika shi," in ji Labaran, bai dubi kowa ba. "Na san gidansu. Duk 'yan samiya ne, har matan. Ku janye katakon, kun tara mana motoci."

Mai jar riga ya tsaya kamar zai yi gardama. Wani ɗan tasha ya riga ya sa ƙafa ya ja katakon gefe. Haladu ya hau, ya murza makulli, motar ta yi tari ta mutu. Ya sake murzawa, ta sake mutuwa, ga idanu a kansu ta kowane gefe. Ajani, wanda ya san wayoyin motar nan fiye da mai ita, ya sa hannu a hankali ƙarƙashin sitiyari ya matse wata waya. Ta tashi.

Suka hau gadar. Tukwane na ta ƙara a baya, rabinsu sun fashe. Sai da suka bar kwalta suka shiga burji, gero ya rufe su hagu da dama, ya fara fitar da kai, sannan Haladu ya tsayar da mota. Ajani ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce yana tunanin mutumin nan mai jakar hannu. Haladu ya ce shi ma. Da kukan ya lafa, dattijon ya karɓi tabaransa ya maƙala, ya dubi bakin abokinsa da ya kumbura.

"A labarin can, Direba, ba a ce ko mutum daya ya fadi sibbolet ya ketare ba."

"To mu mun ƙetare," in ji Haladu, ya tayar da mota.

Kawu Maikano ya ɓoye shi har gari ya lafa. Daga nan Ajani ya bi wata motar shanu da ta tashi daga kara zuwa kudu, bai sake dawowa ba. Wani mai facin taya ya kama rumfar. Labaran bai taɓa tona maganar ba, bai kuma sake yi wa Haladu magana ba, ko gaisuwa. In sun haɗu a tasha sai ya kau da kai, Haladu kuma bai taɓa ganin laifinsa ba. Haƙoran gaba biyu da ya rasa suka ƙara lalata masa magana, amma ya daina kewaye kalmomi. Yana zuwa teburin mai shayi ya ce a ba shi sayi, wanda zai yi dariya ya yi. Rabi ta ce tun da ta aure shi ba ta san yana da surutu haka ba.

Bayan girbi ya kai motar aka gyara ƙofar da aka lanƙwasa, ya kira mai fenti ya ce a yi masa rubutu a marfin baya, a zana zangarniyar gero a gefe. Ya faɗa masa abin da za a rubuta. Mai fentin, yaron kirki mai takardar sakandare, ya zana haruffan da alli tukuna, ya ja da baya ya duba, sai ya ce, "Baba, ai an bar harafi ɗaya. Akwai 't' a farko. Bari in ƙara, ba sai ka biya ba."

Haladu ya riƙe masa hannu.

"Bar si haka," ya ce. "Sunana ne."